Addinin ɗan Kirista yana hannun uwayensa



A makon jiya an gayyace ni sunan ɗan wani abokin aikina Kirista, a wata unguwa ta nan Yamai. An taru tun da sassafe, Musulmi da Kirista, an raba goro da dabino, fasto ya yi addu'a, an raɗa wa jariri suna. Bayan an watse mun rage mu kaɗan bisa tabarma, sai mai gida ya kira babban ɗansa, ɗan lakwal mai shekara goma, ya ce ya karanta wa baƙi Addu'ar Ubangiji da ake koya musu ran Lahadi. Yaro ya miƙe, ya haɗa hannuwa, ya zubo ta da Faransanci daga fari har ƙarshe ba tuntuɓe. Aka yi masa tafi. Kakarsa tana gefe, tsohuwa ce da ta zo daga wani ƙauye na jahar Maraɗi saboda bukin. Ta ce: "Madalla, maigidana. To, faɗa mini da Hausa, me ka roƙi Allah?" Yaro ya dubi ubansa, uban ya dubi ƙasa. Can sai tsohuwa ta ce wa ɗanta: "Ni ban taɓa shiga lakwal ba, amma kai a bakina ka koyi wannan addu'a, kana bisa cinyata. Shi wannan, a bakin wa?"

Aikina fassara ne, saboda haka na san tazarar da ke tsakanin mai haddace kalma da mai jin ma'anarta. Tambayar wannan tsohuwa ita ta sa na ɗauki alƙalami yau. Maganata da 'yan'uwanmu Kiristocin ƙasar nan take, amma ina roƙon sauran masu karatu su tsaya su ji, domin ɗiyan da ake magana a kansu ɗiyan Nijar ne, tare da namu suke wasa, benci guda suke zama cikin lakwal. Abin da nake so in ce ɗaya ne: a ƙasa irin tamu, in uwa da uba ba su koya wa ɗansu addinin Kirista ba, to babu mai koya masa.

Bari mu duba dalili. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen Nijar sun haura miliyan 17, Kirista a cikinsu ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Ɗan Musulmi, ko da uwayensa sun yi sakaci, gari ne ke karantar da shi. Yana jin kiran salla sau biyar kowace rana, yana ganin masu alwala a bakin kasuwa, da dare yana jin karatun makarantar allo, in azumi ya zo gari duka ya sake kama, in salla ta zo ya bi ubansa zuwa idi cikin dubban jama'a. Tun bai iya magana sosai ba ya san bisimilla. Ɗan Kirista a Tasawa ko Madawa ko Magariya ba shi da wannan gata. Titi ba ya tuna masa da addininsa, kasuwa ba ta tuna masa, lakwal ta gwamnati kuwa aikinta karatu da lissafi da tarihin ƙasa, ba a ɗora mata koyar da addininsa ba. Saura majami'a. To mu yi lissafi: mako guda sa'a 168 ne. In yaro ya je sujada da makarantar Lahadi, mu ce ya yi sa'a uku. Sauran sa'a 165 fa, yana hannun wa? Manomi ya sani shukar da ake ba ruwa sau ɗaya a mako cikin bazara ba ta kai labari.

Ban ce uwayen yanzu sun ƙi ɗiyansu ba. Sakacin yana da asali, kuma ya kamata a san shi. Addinin Kirista a hannun 'yan mishan ya shigo ƙasar nan, bai daɗe ba ƙwarai. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru ta kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta buɗe wurin jinyar kutare a Danja a 1956. Katolika kuwa sun kafa mishan ta farko a Yamai a 1931, daga baya suka isa Damagaram da Dogon Dutsi da Maraɗi. Da yawa daga cikin Kiristocin farko ba a gidan ubansu suka sami addinin ba. Wani wajen aiki ya same shi, wani wajen jinya, wani maraya ne da aka riƙe, wani ɗan makarantar kwana. Shi ya sa har mutane suka riƙa kiransu 'yan mishan. Mishan ce ta koya musu karatu, ita ta koya musu addu'a, wani lokaci ita ta yi musu aure. Da suka haifi nasu ɗiya, sai abin ya zame musu al'ada: addini aikin Bature ne da malaminsa, uba nasa ciyarwa da tufatarwa.

Wancan zamani ya wuce. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM sun daɗe a hannun 'yan ƙasa. A wajen Katolika ma, a 2014 aka naɗa Laurent Lompo, ɗan ƙasa haifaffen yankin Makalondi, babban bishop na Yamai. Makarantun mishan da ake yabo, irin su Mariama ta Yamai, mafi yawan ɗalibansu Musulmi ne, kuma darajarsu a wajen jama'a ita ce kyawun karatu. Wanda ya kai ɗansa can yana zaton ya sauke nauyin addini ya yi kuskuren lissafi. Shugabanci ya dawo hannun 'yan ƙasa, amma a gidaje da yawa tarbiyya ba ta dawo hannun uwaye ba. Ana nan ana jiran fasto, ana jiran fada, ana jiran malamar makarantar Lahadi, mutum guda da yara hamsin a gabansa.

Kada wani ya ce sabon abu na kawo. Littattafan Kirista da kansu bisa wuyan uwaye suka aza wannan kaya. Cikin Attaura, a sura ta 6 ta Maimaitawar Shari'a, uba aka umarta ya riƙa koya wa ɗiyansa dokokin Allah cikin harkokinsa na kullum, tun ba a san wani abu makarantar Lahadi ba. Cikin Sabon Alkawari akwai Timoti, wanda Manzo Bulus ya ba amanar shugabancin ikilisiya yana saurayi. Ubansa Bahelene ne, amma da Bulus ya tashi faɗin inda bangaskiyar Timoti ta samo tushe, mata biyu ya ambata: kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. A 1529, bayan da Martin Luta ya zaga ƙauyukan ƙasarsu a Jamus ya ga jahilcin da mabiya ke ciki, sai ya rubuta ɗan ƙaramin littafi na tambaya da amsa, ya kuma nufe shi ga masu gida domin su koya wa iyalinsu. A 1965 babban taron Katolika na Batikan ya bayyana cewa uwaye su ne malaman farko na ɗiyansu, kuma su ne manya a cikin malaman. Ɗariƙun Kirista sun saɓa a kan abubuwa da dama. Katolika suna yi wa jariri baftisma, uwaye su ɗauki alkawarin renonsa cikin addini a gaban jama'a. Ikilisiyoyin bishara na wajen Maraɗi kuwa suna jira sai mutum ya yi hankali ya nema da bakinsa. Amma ko wace hanya aka bi, gida take komawa: na farko alkawari ya ɗauka, sai ya cika, na biyu jira yake, kuma yaron da ba a shirya ba me zai nema?

Na san amsoshin da ake bayarwa, domin na sha jin su a ofis da wajen hira.

Na farko ya ce: "Ni ba ni da ilimi, me zan koya masa?" Wannan uzuri ya fi kowane rauni ga wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci. An fassara Littafi Mai Tsarki duka da Hausa tun 1932, an kuma sake fassara shi daga baya da Hausa mai sauƙi. Akwai littafin waƙoƙi da Hausa. Duk wanda ke iya karanta wannan shafi na jarida yana iya karanta wa ɗiyansa aya biyar kafin a kwanta. Wadda ba ta iya karatu ba ma tana da baki. Uwar da ta san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba za ta kasa labarin Yusufu da 'yan'uwansa ba, ko na Dauda da Goliyat, ko na ɗan da ya watsar da gadonsa ya dawo gida ubansa ya tarbe shi. Matan zumunta suna rera waƙoƙi masu daɗi a majami'a da tulu da kacau-kacau. Me ya hana a rera su wajen daka da wajen goyo? Waccan tsohuwa ta wurin suna ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ta fi ɗanta mai takardar shaidar babbar makaranta sauke nauyi.

A nan sai in tsaya kan zancen harshe, domin nan ne ma'aikata suka fi tuntuɓe. A gidajen ma'aikata da yawa ana addu'a da Faransanci, ana zagi da Hausa. Yaro ya tashi yana ganin Allah kamar babban mushe ne, wanda ba a yi masa magana sai da harshen lakwal, cikin tsoron kuskure. Faransanci yana da amfaninsa, da shi muke aikin gwamnati, ba na raina shi. Amma harshen da yaro ke kuka da shi in ya ji ciwo, da shi ya kamata ya fara kiran Ubangijinsa, Hausa ce, ko Zabarmanci, ko Gurmanci, ko wani harshe na uwayensa. Akwai kuma wata illa. Yaron da bai san addininsa da Hausa ba, in abokinsa ya tambaye shi a filin ƙwallo, ba shi da abin cewa. Sai ya ji kunya, abokin kuma ya tafi da zaton cewa wannan addini na baƙi ne. Ga shi kuwa kakan yaron a Gobir aka binne cibiyarsa.

Na biyu ya ce: "Ba ni da lokaci." Gaskiya ne ma'aikaci yana fita da safe ya dawo a gajiye, manomi yana wuni gona, mai talla tana wuni kasuwa. Amma wanda ya ce ba shi da lokaci ya duba sa'o'in da yake yi a fadar shayi, ya duba waɗanda yake yi yana latsa salula. Minti goma bayan tuwon dare ba su fi ƙarfin kowa ba: a kashe talabijin, a karanta kaɗan, a tambayi yara abin da suka gane, a yi addu'a, kowa ya ambaci abin da ke damunsa. Wannan ya fi zama dole ga ma'aikacin da aka kai aiki wani gari mai nisa inda babu majami'a ko kaɗan. A can ɗakinsa shi ne majami'ar ɗiyansa, shi ne kuma limaminsu. Haka nan yaron da ya ci jarrabawa aka tura shi kolej a wani gari, ya zauna hannun mai masauki wata tara cikin shekara. Ana ɗaura masa gari da ƙuli-ƙuli da sabulu. Guzurin zuciya fa? Shi ba a ɗaura shi ranar tafiya, tun yaro yana ɗan shekara uku ake tara shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku shi ne ya fi nauyi, kuma ya cancanci a amsa shi da natsuwa. Ya ce: "Addini ba a gadonsa kamar gona. A bar yaro, in ya girma ya zaɓa." Akwai gaskiya cikin wannan magana. Bangaskiyar da aka cusa da bulala ba ta zama, ranar da yaro ya fi ƙarfin bulala ranar zai yar da ita. Kiristoci da kansu suna cewa ba a zama mai bi don uba mai bi ne. Amma barin yaro ba tare da koyarwa ba, wannan bai ba shi 'yanci ba. Ba mu cewa a bar yaro bebe har ya girma ya zaɓi harshen da yake so. Wanda bai san abu ba, ba ya iya karɓarsa, ba ya kuma iya ƙin sa da hujja. Iska ce kawai za ta ɗauke shi. Aikin uwaye su sanar, su nuna, su yi addu'a. Sauran na yaro ne da Mahaliccinsa.

Akwai labari a kan wannan daga maƙwabciyarmu Aljeriya. A shekara ta 354 aka haifi Ogustin a garin Tagast, inda ake kira Suk Ahras yau. Uwarsa Monika Kirista ce, ubansa kuwa bai karɓi addinin ba sai dab da rasuwarsa. Monika ta koya wa ɗanta abin da ta sani tun yana ƙarami. Da ya tafi karatu Kartaj sai ya watsar, ya bi wata ɗariƙa dabam shekaru kamar tara, har ya yi wa uwarsa dabara ya shiga jirgin ruwa zuwa Roma ba da saninta ba. Ba ta yanke shi ba, ba ta kuma daina roƙon Allah ba. Sai a 387, yana da shekara 32, aka yi masa baftisma a Milan, a cikin shekarar kuma uwar ta rasu. Wannan yaro mai taurin kai shi ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau, kuma har yanzu ana karanta littattafansa. Ban kawo labarin don in yi wa kowa alkawarin cewa ɗansa zai dawo ba. Wani yana tafiya ba ya dawowa. A ƙasarmu an san gidajen da ɗa ko ɗiya suka musulunta, sau da yawa ta hanyar aure, kamar yadda kakanninsu suka bar addinin nasu uwaye. Wannan yana da ciwo ga uwa da uba, ba a musu. Amma ɗa ɗa ne. Uban da ya kori ɗansa saboda haka ya rushe da hannunsa wa'azin ƙauna da ya yi masa shekara ashirin.

Wannan ya kawo mu ga babbar makaranta, wato halin uwaye. Yaro ya fi koyo da ido bisa ga kunne. Uban da ke jan waƙa ran Lahadi, ran Litinin ya karɓi cin hanci a ofis, ran Talata ya shigo a buge ya ɗaga wa matarsa hannu, ya riga ya koya wa ɗiyansa cewa addini riga ce ta kwana ɗaya. Uwar da ke koyar da gafara alhali shekara uku ba ta gaisawa da maƙwabciya, ita ma ta gama nata darasi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma ina kira ga maza musamman. A majami'u da yawa mata da yara ne ke cika benci, uba ya kawo su bisa babur ya juya. Yaro namiji yana kallo, yana ƙirga shekarun da suka rage masa shi ma ya zama babba ya huta.

Saura abu ɗaya wanda ya shafi ƙasa baki ɗaya: me ake gaya wa yaro game da maƙwabcinsa? Ba mu manta da ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen wata jarida ta Faransa ta rikiɗe, aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa ransu. Yaran da suka ga wannan hayaƙi yau samari ne da 'yammata, wasu har sun yi aure. Abin da ke cikin zuciyarsu yanzu ya danganta ga abin da aka faɗa musu a gida cikin waɗancan darare. Gidan da aka ce wa yaro duk mutanen gari maƙiyansa ne, an ba shi tsoro a maimakon addini. Gidan da aka faɗa masa gaskiya, cewa wasu sun yi ɓarna, wasu Musulmi kuma sun buɗe ƙofa sun ɓoye maƙwabtansu, aka kuma koya masa ya yafe kamar yadda addininsa ya ce, wannan gida ya yi wa ikilisiya aiki, ya yi wa ƙasa. Ɗan Kirista a nan sau da yawa kakansa ko kawunsa ko gwaggonsa Musulmi ne. Da layya ana kawo masa nama, da Kirsimeti shi ke kai shinkafa gida-gida. A koya masa ya san abin da ya gaskata har ya iya faɗinsa ba tsoro ba zagi, ya kuma san yin shiru in ana salla, kada ya ci abinci a gaban mai azumi don tsokana. Wanda ya tsaya da ƙafafunsa ba ya bukatar ture wani.

Mu sauran jama'a kuma muna da namu rabo. Mushen da ke da ɗan Kirista guda cikin aji kada ya bari a mai da shi abin dariya. Mai masaukin da aka ba amanar ɗan wani ya bar shi ya je sujadarsa, kamar yadda zai so a bar nasa ya yi salla in yana hannun wani. Amana ba ta da addini biyu.

Ya ku uwaye, na fara da tambayar wata tsohuwa, da ita zan rufe. Yau da dare, bayan an ci tuwo, kowa ya kira ɗansa ya tambaye shi da harshen gida abin da yake roƙon Allah. In ya amsa, a gode wa Allah, a ƙara masa. In ya dubi ƙasa, kada a yi masa faɗa, domin laifin ba nasa ba ne. A jawo shi kusa, a fara daga ranar.

Allah shi shirya mana zuri'a, shi ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Sai wani jiƙon.